Sharhi kan hidimar kula da yaran da suka isa Italiya ba iyaye: inda take aiki da inda take yasar da yaro

Italiya tana da doka mai lamba 47 ta shekarar 2017, wadda aka fi sani da dokar Zampa, da sunan Sandra Zampa, 'yar majalisar da ta gabatar da ita. A cikinta aka tattara abin da gwamnati za ta yi wa duk yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne, ya shigo ƙasar babu uwa, babu uba, babu wani babba da shari'a ta ɗora wa nauyinsa. A rubuce, da wuya ka sami dokar da ta fi ta kyau a Turai. A aikace kuwa, amfanin da yaro zai ci ya rataya ne a kan abu biyu: ko an naɗa masa waliyyi da wuri, da kuma ko akwai mai lissafa masa watannin da suka rage kafin ya cika 18. Yaron da ya sami waɗannan biyun yakan fita da takarda, da harshe, da sana'a. Wanda ya rasa su yakan ci abinci ya yi barci na shekara guda, sannan a wayi gari a nuna masa ƙofa.

A 2016 yara 25,846 suka sauka a gaɓar Italiya ta teku su kaɗai, kimanin 3,000 daga cikinsu 'yan Najeriya. A ƙarshen 2023 waɗanda ke cikin rajistar ma'aikatar ƙwadago sun haura 23,000. Kusan tara cikin goma maza ne, akasarinsu 'yan shekara 16 da 17, kuma a 'yan shekarun nan Masar, Yukren, Tunisiya, Gambiya da Gini ne suka fi yawa. Sisili ce ke ɗauke da kaso mafi girma. Da yawa daga 'yan Afirka ta Yamma ta Agadas suka bi zuwa Libiya ko Tunisiya, kuma a cikinsu akwai masu jin Hausa daga Nijar, Najeriya, Gana, Kamaru da Sudan. Kada wani ya karanta wannan sharhi ya ɗauka ana kwaɗaitar da shi ya tura ɗansa. A 2023 kaɗai fiye da mutum 2,000 suka mutu ko suka ɓace a tsakiyar Bahar Rum, ban da waɗanda hamada da gidajen tsare mutane na Libiya suka cinye. Muna magana ne a kan yaron da ya riga ya isa, da 'yan'uwansa da ke son sanin halin da yake ciki, da masu fassara da ke tsayawa tsakaninsa da hukuma.

Abin da ya fi ƙarfi a hidimar shi ne bakin ƙofa. Doka ta hana a mayar da yaro daga kan iyaka ta kowane hali. Korarsa daga cikin ƙasa ma sai da dalilin tsaro, kuma kotun yara ce kaɗai ke da ikon yanke wannan. Yana da haƙƙin takardar izinin zama saboda ƙarancin shekaru kawai, ko da fasfo ko babu, har ya cika 18. Ana yi masa rajista a tsarin lafiya na ƙasa tun kafin takardar ta fito. Makaranta haƙƙinsa ce kamar ɗan ƙasa. Lauya kyauta ne a duk shari'ar da ta shafe shi. Wannan sashe ya cancanci yabo ba tare da rowa ba, domin ƙasashe da dama suna bar wa yaro ƙofa ɗaya tak, ta neman mafaka, wanda bai dace da ita ba kuwa ya rataye tsakanin sama da ƙasa.

Sai dai duk waɗannan haƙƙoƙi suna rataye ne a kan layi ɗaya na takarda ɗaya. Idan jirgi ya sauke mutane a Lampedusa ko Pozzallo, ana ɗaura wa kowa lamba a hannu, a ɗauki hotonsa, sannan 'yan sanda su cika wata 'yar takardar bayani: suna, ƙasa, ranar haihuwa, dalilin zuwa. Ana yin haka ne a layi, ga mutumin da ya kwana biyu ko uku a kan ruwa, jikinsa duk ƙunar fetur da gishiri. Cibiyar Lampedusa an gina ta ne don mutum kimanin 400, amma a watan Satumba na 2023 dubbai suka sauka a tsibirin cikin kwana biyu. A irin wannan cunkoso, yaron da ya faɗi shekara kawai ba rana ba wata, sai a rubuta masa 1 ga Janairu. Ba ƙaramar asara ba ce. Wanda aka haifa a Nuwamba aka rubuta masa Janairu ya yi asarar wata goma na kulawa, na makaranta, na lokacin haɗa takardu. Shi ya sa farkon kowace shekara tarin yara ke cika 18 rana ɗaya a takarda, ma'aikatan walwala su rasa wanda za su fara tara. Wani kuma abokan tafiya sun ce masa in ya faɗi gaskiyar shekarunsa za a kulle shi a hana shi aiki, sai ya ƙara wa kansa shekara biyu. Ana iya gyara kuskuren daga baya, amma gyaran sai ya bi ta kotu, kuma yana cin watanni. Ɗaya gefen ma dole a faɗe shi: babban da ya rage shekaru ya aikata laifi a dokar Italiya, kuma tun 2023 ana iya mayar da hukuncin wannan laifi kora daga ƙasa.

Idan aka yi shakkar shekarun yaro, doka ta tsara matakai, kuma tsarin yana da hankali. Farko a duba takarda: fasfo, katin shaida ko da ya ƙare, ko wata shaida mai hoto. Ana iya neman taimakon ofishin jakadancin ƙasarsa, sai dai in ya nemi mafaka ko akwai alamar haɗari gare shi, nan an hana. Idan shakka mai tushe ta rage, mai gabatar da ƙara na kotun yara ne ke ba da umarnin bincike. Ƙa'idar da gwamnati da yankuna suka amince da ita a 2020 ta ce a bi daki-daki: hira da ma'aikacin walwala kan tarihin yaron, sannan masanin halayyar ɗan Adam, sannan likitan yara ya duba girman jiki, hoton ƙashi kuwa shi ne na ƙarshe, in sauran ba su wadatar ba. Dole a yi wa yaro bayani da harshen da yake ji, waliyyinsa yana wurin, rahoton ya nuna tazarar kuskure, kotu ce kuma ke yanke shekarun. Duk tsawon binciken ana ɗaukarsa yaro, kuma in shakka ba ta gushe ba, hukuncin ya faɗa wajen cewa yaro ne.

Dalilin da ya sa aka jefa hoton ƙashi can ƙarshe shi ne rauninsa. Ana ɗaukar hoton wuyan hannun hagu a ga ko bakin ƙasusuwan ya gama haɗewa, sai a gwada da kundin hotuna na Greulich da Pyle. Wannan kundi an haɗa shi ne daga yaran fararen fata masu rufin asiri na Cleveland a Amurka, a shekarun 1930. An yi shi ne don likita ya ga ko girman yaron da aka san shekarunsa yana tafiya daidai, ba don gano shekarun wanda ba a sani ba. Kuskurensa yakan kai shekara biyu sama ko ƙasa. Ga yaro ɗan 16 da rabi, shekara biyu ita ce bambancin gidan yara da sansanin manya. Abin da ya faru ke nan a shari'ar Darboe da Camara, wadda kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke ranar 21 ga Yuli 2022: yaro ɗan Gambiya, aka ɗauki hoton hannunsa aka ce ya kai 18, ya shafe fiye da wata huɗu a sansanin manya na Cona, wurin da aka yi don mutum 542 aka cusa kimanin 1,400, ba a naɗa masa waliyyi ba. Kotu ta ce Italiya ta yi laifi. A 2023 ta sake kama ta da laifi kan wata yarinya 'yar Gana da aka bari kusan wata takwas a cibiyar manya a Como, alhali an san an ci zarafinta a hanya.

Abin takaici, a shekarar 2023 ɗin gwamnati ta ja baya. Dokar gaggawa mai lamba 133 ta ba 'yan sanda damar sa a yi awon jiki da hoton ƙashi nan take idan masu isowa suka yi yawa, da izinin mai gabatar da ƙara wanda a halin gaggawa ana iya bayar da shi da baki, kuma yaro yana da kwana 5 kacal ya ƙalubalanci sakamakon. Yaron da bai san kalma goma ta Italiyanci ba, bai da waliyyi tukuna, ta ina zai kai ƙara cikin kwana 5? Dokar ta kuma yarda a ajiye ɗan shekara 16 zuwa sama a wani sashe na cibiyar manya har kwana 90, da ƙarin 60, in babu gurbi. A ganinmu nan ne hidimar ta fi rauni, kuma rauni ne da aka saka mata da gangan.

Wajen masauki, tsarin ya ce yaro ya fara da cibiyar karɓa ta farko, ba fiye da kwana 45 ba, a gama tantance shi cikin kwana 10, a yi masa doguwar hira, a buɗe masa fayil wanda zai bi shi duk inda aka kai shi. Daga nan sai tsarin SAI, wanda ƙananan hukumomi ke gudanarwa tare da ƙungiyoyi: ƙananan gidaje, malaman tarbiyya, mai ba da shawarar shari'a, darasin harshe, koyon sana'a. Matsalar lissafi ce. Guraben yara a SAI kimanin 6,000 ne, yaran kuwa sun kai ninki uku. Ragowar suna ƙarewa a gidajen da ƙaramar hukuma ta biya kai tsaye, ko cibiyoyin wucin gadi da ofishin wakilin gwamnati na lardi ya buɗe, masu ɗaukar har mutum 50. Shekaru da dama gwamnati Yuro 45 take mayar wa ƙaramar hukuma a kan kowane yaro a rana, sai daga 2023 kuɗin ya kai 100. Yaro ba shi da zaɓin inda za a kai shi. Yara biyu da suka sauko daga jirgi ɗaya, wani ya faɗa gidan mutum goma a Bolonya, wani ya faɗa tsohon otal a ƙauyen da mota ke ratsawa sau biyu a rana.

Ɗan'uwan da ke son gane ko gidan na kirki ne ba sai ya je ba, tambayoyi kaɗan a waya sun isa. Ya tambayi yaron ko yana da lambar haraji da katin asibiti a hannunsa. Ko an kai shi ofishin 'yan sanda na shige da fice, wato kwastura, an ba shi rasit mai hoto. Sau nawa yake zuwa makaranta a mako, a waje ne ko wani ne ke zuwa ya yi musu awa guda a falo. Ya san sunan ma'aikacin walwala na ƙaramar hukuma da ke riƙe da fayil ɗinsa. Sannan babbar tambaya: wane ne tutore ɗinka, wato waliyyinka, yaushe rabonka da shi? Yaron da ya yi wata uku bai iya amsa ko ɗaya ba, ana ciyar da shi ne kawai. Ƙorafin abinci, taliya safe da yamma, ko kuɗin kashewa na Yuro biyu zuwa uku a rana, kusan ko'ina za ka ji shi, kuma bai kamata ya ɗauke hankali daga waɗancan ba. Naman halal da sauya lokacin girki a watan azumi yawancin gidaje suna yi in an nema.

Waliyyin sa-kai shi ne abin da dokar Zampa ta kawo wanda ya fi komai daraja. Kafin ita, magajin gari ko wani jami'i ake naɗawa waliyyin yara da dama a lokaci guda, sunansa a takarda, fuskarsa ba wanda ya taɓa gani. Yanzu duk mai shekara 25 zuwa sama, ɗan ƙasa ko baƙo mai izinin zama da ya iya Italiyanci, marar tabon laifi, yana iya nema. Ofishin mai kare haƙƙin yara na yanki ne ke tantancewa da horarwa, horo na awa 24 zuwa 30 kan shari'a, halayyar yara da yanayin ƙaura, sannan sunansa ya shiga jerin kotun yara. Kotu ce ke haɗa shi da yaro, ya yi rantsuwa, kuma ba a ba mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili mai ƙarfi. Ba albashi. Ba a ɗora masa ciyar da yaron ko ajiye shi a gidansa. Tun 2022 akwai tsarin mayar masa da kuɗin mota da wasu kashe-kashe.

Aikinsa kuwa ba na ado ba ne. Shi ke sa hannu a takardar neman izinin zama, shi ke tabbatar da neman mafaka, ya zauna kusa da yaron ranar hira da hukumar tantancewa. Shi ke ba da izinin tiyata, rajistar makaranta, kwantiragin koyon aiki, buɗe asusun banki. Yana da ikon neman ganin fayil, ya tambayi gidan me ya sa ba a kai yaro makaranta ba, ya rubuta wa kotu in amsar ba ta gamsar ba. Muhimmancinsa yana nan ne: shi kaɗai ne a cikin duk masu hannu a lamarin wanda ba gidan ne ke biyansa ba, ba ƙaramar hukuma ba, ba 'yan sanda ba. Kafin a naɗa shi, shugaban gidan ne ke riƙe da waliccin na wucin gadi, kuma ba wanda ke kai ƙarar kansa. Idan yaro ya nemi mafaka, doka ta ce kotu ta naɗa waliyyi cikin awa 48 bayan an sanar da ita. A aikace makonni ne, a wasu kotunan watanni. A ƙarshen 2022 masu sa-kai da ke jerin kotuna ba su kai 4,000 ba, yaran kuwa kimanin 20,000, kuma masu sa-kan ba a inda yaran suka fi yawa suke ba. Ɗan shekara 17 da wata shida da ya jira waliyyi wata huɗu, kusan ba abin da ya rage a yi masa. Ga wani abu da Hausawan da suka daɗe a Italiya ba su cika sani ba: mai takarda a hannu, mai jin Italiyanci, yana iya shiga wannan jeri. Ƙarancin masu yin haka asara ce ga yaranmu.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa. Doka ta wajabta mai fassara kuma mai sasanta al'adu a duk muhimmiyar hira. Amma ofisoshi sukan duba ƙasa ne su zaɓi harshe: ɗan Najeriya a kawo masa mai Turanci ko Burokan, ɗan Nijar a kawo mai Faransanci, ɗan Sudan a kawo mai Larabcin Maroko. Yaron da ya tashi a ƙauyen Tawa ko Katsina bai yi boko ba, ga kunyar babba, sai ya yi ta gyaɗa kai yana cewa to. A rubuta ya fahimta. Abin da aka rubuta a hirar farko kuma shi za a riƙa gwada duk maganarsa ta gaba da shi, in an ga saɓani a ce ƙarya yake. Yaro yana da haƙƙin cewa Hausa yake ji, a ɗage hirar har a samo mai ita, ko da ta waya ce. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, kuma ya nemi kwafi.

Manyan hanyoyin takarda biyu ne, kuma nan ake yawan yin kuskure mai tsada. Ta farko izinin ƙarancin shekaru: tana da sauƙi, ba a tambayar dalilin barin gida, kuma ana iya aiki da ita bisa ƙa'idar aikin yara. Amma tana mutuwa da cikar 18, sai an juya ta zuwa ta karatu, aiki ko neman aiki, kuma juyawar tana buƙatar fasfo. Ta biyu neman mafaka: a cika fom na C3 a kwastura, a jira hira. Wanda ya gudo daga yaƙi, daga 'yan Boko Haram ko 'yan bindiga, daga auren dole ko masu fataucin mutane, wannan ce hanyarsa. In aka ba shi matsayin ɗan gudun hijira, takardarsa ta shekara 5 ce, kuma yana da ikon neman a kawo masa iyayensa. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2018 cewa wannan haƙƙi bai faɗi ba ko da ya cika 18 ana cikin duba batunsa, muddin ya nema cikin wata uku da samun matsayin. Tarkon yana nan: mai neman mafaka ba ya zuwa ofishin jakadancin ƙasarsa neman fasfo, domin zuwan yana rushe da'awarsa. Wasu gidaje suna tura kowane yaro neman mafaka don ita suka saba da ita. In aka ƙi shi bayan ya wuce 18, ga shi ba fasfo, lokacin juya takardar ƙarancin shekaru kuma ya wuce. Zaɓin nan lauya da waliyyi ne ya kamata su zauna da yaro a kai tun watan farko.

Ga wanda ya bi hanya ta farko, lissafin yana tafiya ne da baya, daga ranar haihuwa ta 18. Fasfo ya kamata a fara nemansa shekara guda kafin nan. Na Najeriya yana buƙatar lambar NIN da takardar haihuwa, kuma samun layi a ofishin jakadanci na Roma yana cin lokaci. Ɗan Nijar da ba a yi masa rajistar haihuwa ba sai danginsa sun karɓo masa hukuncin kotu da ke maye gurbinta. Suna da ranar haihuwa da ke cikin waɗannan takardu dole su dace da abin da Italiya ta rubuta, harafi da harafi: Mahamadou a nan, Muhammadu a can, ya isa ya tsayar da fayil. Sannan ana neman amincewar sashen shige da fice na ma'aikatar ƙwadago, wadda ake aika wa buƙata daga kwana 90 kafin cikar 18, kuma ba a wuce kwana 60 bayan ƙarewar takardar. Suna duba shaidar cewa yaron ya yi aƙalla wata shida a ƙasar yana kan wata hanya: takardar makaranta, shaidar harshe, kwantiragin koyon aiki, rahoton ma'aikacin walwala. Da can in ma'aikatar ta yi shiru ana ɗaukar shirun amincewa ne, amma an soke wannan a 2023, kuma takardar da ake bayarwa ba ta wuce ta shekara guda.

Akwai wata ƙofa da yara da yawa ba sa jin labarinta sai ta rufe. Sashe na 13 na dokar Zampa ya ba kotun yara ikon ci gaba da riƙe matashi a hannun ma'aikatan walwala har shekara 21, in ya fara wata hanya da ke buƙatar ƙarin lokaci. Da wannan hukunci yana samun takardar zama, kuma sau da yawa masauki. Sharaɗin shi ne buƙatar ta isa kotu kafin ranar cikar 18. Ƙananan hukumomi ba duka ke son nema ba, don kuɗin a kansu yake faɗawa, amma waliyyi yana iya nema da kansa. Wanda ke SAI yana da ƙarin wata shida bayan 18. Wanda ke cibiyar wucin gadi kuwa ana iya mayar da shi sansanin manya ko a sallame shi cikin kwanaki. Waliccin shari'a ma a ranar yake ƙarewa, ko da yake da yawa daga masu sa-kai ba sa sakin hannun yaron.

Makarantar 'yan 16 zuwa sama yawanci cibiyoyin ilimin manya ne na lardi, CPIA, inda ake koyon Italiyanci zuwa matakin A2, wato na iya 'yar hirar yau da kullum, sannan a zauna jarabawar kammala ƙaramar sakandare. Wannan shaida ita ke buɗe kwasa-kwasan sana'a: girki, gasa burodi, walda, gyaran mota, aikin lantarki. Malamai da yawa suna da ƙwazo, amma awoyin sun yi kaɗan, kuma wanda ya iso bayan an rufe rajista yakan jira watanni. Wanda ya yi makarantar allo ya san harafi da ƙa'idar karatu, ya kamata ya faɗa, don kada a jefa shi ajin waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Abin da tsarin bai da maganinsa shi ne wayar da ke shigowa daga gida. An sayar da gona ko an ci bashi, ana jiran kuɗi. Yaro yana ganin aji ɓata lokaci ne, sai ya fice da dare, ya nufi gonakin tumatir na Foggia a hannun 'yan kamasho masu zaftare lada, ko Ventimiglia don tsallakawa Faransa. Dubbai suna ɓacewa daga cibiyoyi haka kowace shekara. Mai ɗan'uwa a wata ƙasar Turai bai kamata ya bi ta duwatsun kan iyaka a ɓoye ba. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ba yaro mai neman mafaka damar a haɗa shi da uwa, uba, wa ko ƙane, kawu, gwaggo ko kaka da ke zaune bisa doka a wata ƙasar, amma Italiya tana da ƙayyadadden lokaci ne ta aika buƙatar, don haka a faɗi sunan ɗan'uwan da adireshinsa ranar cika C3. Tafiyar tana da jinkiri, kuma jinkirin ne ke sa yara su gaji su gudu.

Doka ta ce riƙo a cikin iyali ya fi gidan yara, amma kaɗan ne ke samu, in ka cire 'yan Yukren da dangi suka ɗauka. Inda aka gwada, ya yi kyau. Ƙungiyar Intersos ta fara wani shiri a 2021 da ke ɗauko yara 'yan gudun hijira daga Nijar, akasari 'yan Darfur, da bizar karatu ta jirgin sama zuwa iyalai a Turin. Gurbi 35 ne kacal, amma ya nuna ana iya yi ba tare da kwale-kwale ba. Lafiyar jiki ana kula da ita da kyau: ƙazwa, tarin fuka, allurar rigakafi, raunukan duka. Ta ƙwaƙwalwa ce ke baya. Yaron da ba ya barci, yana firgita, yana faɗa ba dalili bayan abin da ya gani a Libiya, a wasu gidajen sunansa mai taurin kai, layin ganin likitan ƙwaƙwalwar yara kuma dogo ne. Cibiyoyi irin SaMiFo a Roma da Frantz Fanon a Turin sun ƙware a wannan, amma ba kowane lardi ke da irinsu ba.

'Yan mata kaɗan ne a lissafi, haɗarinsu kuma ya fi. A 2016 mata 'yan Najeriya kimanin 11,000 suka iso ta teku, hukumar ƙaura ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan 80 cikin 100 na iya kasancewa a hannun masu fatauci. Waɗanda suka kawo su suna koya musu su ce sun kai 18, don cibiyar manya ta fi sauƙin ɗauke mutum. Akwai izinin zama na musamman a sashe na 18 na dokar shige da fice, da gidajen ɓoye, da layin waya na kyauta 800 290 290 da ke aiki dare da rana, ba sai an faɗi suna ba.

Idan yaronka ko ƙanenka yana cikin wannan tsari, taimakon da ya fi kuɗi shi ne ka aika masa takardar haihuwa ta asali da wuri, da sunan da ya dace da na fayil ɗinsa, sai dai in lauyansa ya ce a dakata saboda batun mafaka. Ka karɓi lambar waliyyinsa ku gaisa, ko da ta bakin mai fassara. Ka ɗaga masa ƙafa kan batun aiko da kuɗi har ya kama takarda. In gidan ya yi sakaci, ana iya kai kuka ga ma'aikacin walwala, ga mai kare haƙƙin yara na yankin, ko kotun yara kai tsaye. Lauyoyin ƙungiyar ASGI da cibiyoyin CivicoZero na Save the Children a Roma, Milan, Turin da Kataniya sun san wannan aiki. Yaron da ya iso yana 15 ko 16, tsarin yana da isasshen lokaci ya yi masa abin kirki ko da an yi jinkiri. Wanda ya iso yana 17 da rabi, a makon farko ya kamata a rubuta wa kotu neman waliyyi, a haɗa da neman ƙarin lokaci zuwa 21.